MAƁALLAI BIYU DA BA SA ƘARA

SHAFI NA 19

Da sunan Allah nake farawa. Na ga saƙonninku, musamman masu cewa na kwantar da Saifullahi a ɗakin mai ɗori na manta da shi. Ban manta ba. Ga shi nan ya tashi.

*

Ruwan safe bai gama tsanewa daga kan kwalta ba lokacin da Jafaru ya tsayar da babur a ƙofar shagon Hadi, a bayan tashar Birnin Kudu. Tun daga Zandam har suka ratsa Gwaram bai ce wa ƙaninsa komai ba. Sai yanzu ya juyo.

"Sauka. Zan shiga kasuwa in sayi maganin feshi. Kafin la'asar mun kama hanya."

"To, Yaya."

"Gaisuwa ka ce za ka yi wa abokinka."

"Gaisuwa ce."

"To ta tsaya a gaisuwa."

Saifullahi ya tsaya har ƙarar babur ɗin ta ɓace, sannan ya ƙara cusa hannunsa na hagu cikin aljihun riga. Ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Ranar Asabar za a yi gasa a gidan gem, inda matasa ke wasan kwamfuta, wanda ya ci, shi zai wakilci yankin nan a Kano. Ya daɗe yana jiran wannan rana. Yau kibod ya zo zaɓa, wato allon maɓallan kwamfuta, wanda hannunsa zai iya da shi.

Hannun kuwa, shi kaɗai ya san abin da ya rage a cikinsa.

Tun kafin saukar damina wasu mutum uku suka tare shi a hanyar Gwaram zuwa Zandam, fuskokinsu a naɗe. Ba su taɓa babur ba. Ba su nemi waya ba. Danne shi suka yi, suka shimfiɗa hannunsa na hagu a kan dutse. Ɗaya ya ce, "Wanne aka ce?" Ɗaya ya ce, "Ƙaramin da na kusa da shi." Sai aka ɗauko wani dutsen.

Ga duniya, faɗuwa ya yi da babur, wuyan hannu ya goce. Haka ya gaya wa Inna, haka ya gaya wa abokai a waya. In ban da tsohon mai ɗori da Yaya Jafaru da ya kai shi can, babu wanda ya ga yatsun. A ransa kuwa ya gama yanke hukunci: aikin Ɗanbala ne, abokin hamayyarsa a gem, wanda bai taɓa jin daɗin haɗuwa da shi ba.

Ya ɗaga labule ya yi sallama.

"Wa nake gani haka? Ɗan Zandam!"

Hadi ya ajiye ƙarfen narka dalma a kan mariƙinsa, ya taso da sauri har yana tuntuɓe da kwali. Tun suna sakandare suke tare. Shi ne mai gyaran kwamfutocin gidan gem, kuma duk kibod ɗin da Saifullahi ya taɓa mallaka ta hannunsa ya bi.

"Mutumina! Ashe ana tashi?"

"Ana tashi mana, idan an ji za a miƙa wa Ɗanbala Kano a ɓagas."

"Ai tun da ka kwanta ya hana mu shan ruwa. Har tafiyarsa ta canja. Ya hannun?"

"Ya warke."

"Alhamdu lillahi. Zauna, zauna. In aika a kawo maka fura? Na san ku mutanen ruga, in ba ku ga nono ba gani kuke ba a karɓe ku ba."

"Ka riƙe furarka, bakinku na 'yan Wurno ba ya gajiya. Kibod na zo nema."

Hadi ya tafa hannu.

"Yanzu na ji magana. Wane iri? Kar ka ce min na roba, wallahi sai in kore ka."

"Na roba ai na masu buga takardar neman aiki ne."

"Ka san hanya. Mai waya ko marar waya?"

"Mai waya. Ba zan tsaya gaban Ɗanbala batir ya yi min tsiya ba."

"Dogo mai lambobi a gefe, ko gajere?"

"Gajere. Lambobin nan wurin maus kawai suke cinye min. Ni ba akawu ba ne."

"Saura babbar magana."

Hadi ya jawo wani ɗan allo da aka jera suwic a kansa, wato ɗan injin nan da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, kowanne da launin kansa. Ya dire shi a gaban Saifullahi kamar mai tallan turare.

"Bulu ka sani, shi ne ubangidanka." Ya danna. Taƙ! "Sai ka tura shi ya tura ka, sannan ya yi ihu. Kamar tsohuwa na ɓarar gyaɗa a zaure. Ja kuwa ba ruwansa da gardama, kana taɓa shi ya nutse, kamar ka sa ƙafa a lakar fadama. Shi 'yan birni suke yayi yanzu, wai ya fi sauri. Wannan mai ruwan ƙasar kuma munafuki ne. Ba ya magana, amma yana ɗan tokare ka a hanya."

Saifullahi ya sa yatsan hannun dama ya danna bulu. Taƙ. Ya danna ja. Ya tafi ƙasa sulum, ba ƙara, ba musu.

A cikin aljihu ƙaramin yatsansa ya yi yunƙurin lanƙwasawa, zafi ya harba masa har gwiwar hannu.

Ya riga ya gwada a gida, a ɓoye, a kan tsohon kibod ɗinsa. Bulu ba ya sauka a ƙarƙashin yatsun nan biyu sai ya haɗa da duk nauyin hannunsa. Ja yake buƙata. Amma ta yaya zai buɗe baki ya faɗa? Duk gidan gem an san shi da bulu, har laƙabi aka sa masa, Mai Taƙ-taƙ. Shi ne yake kiran masu ja "masu hannun lalle." In ya fita daga shagon nan da ja, kafin magariba Ɗanbala ya san hannun bai warke ba.

"Jan nan," ya ce yana kallon gefe, "yana da ƙwari kuwa?"

"Kai da ja?"

"Wani ne ya ce in tambayar masa."

Dariyar Hadi ta ɗan tsaya. Idonsa ya sauka kan aljihun nan, ya yi maza ya ɗauke.

"Bar wannan. Kai na ajiye maka naka tuntuni."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani abu a naɗe da tsohon ɗankwali. Ya kwance. Gajeren kibod ne baƙi, mai waya, mai nauyi, jikinsa na ƙarfe.

"Bulu ne, irin naka. Kyauta ce, ta barka da tashi. Ɗauki kawai, in ka je gida ka gwada."

"A gida? Ina gaban mai gyara?"

Saifullahi ya ɗora yatsan dama a ƙarshen layi na tsakiya, ya taho yana dannawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirgar carbi.

Taƙ. Taƙ. Taƙ. Taƙ.

Har ya yi murmushi. Ya yi kewar wannan ƙarar.

Taƙ. Taƙ. Taƙ.

Ya zo kan S.

Shiru. Maɓallin ya nutse sulum.

Ya danna A. Taƙ.

Ya hau layin sama. W, taƙ. Ya danna Q.

Shiru.

Murmushin ya bushe a fuskarsa.

Kowa a gidan gem da W yake tura ɗan wasansa gaba, da yatsan tsakiya. Ban da Saifullahi. Kibod ɗin da ya koyi gem a kansa W ɗinsa a mace yake, sai ya saba wa kansa da Q, da ƙaramin yatsa, na kusa da shi kuma a kan S. Wannan ne sirrinsa. Shi ya sa kullum yake lulluɓe hannunsa da hirami in yana wasa, mutane suna ta cewa laya yake ɓoyewa. Babu wanda ya taɓa ganin inda yatsunsa suke sauka.

Sai mutum ɗaya. Wanda ake kai wa kibod in ya gaji, ya buɗe, ya ga waɗanne maɓallai ne suka cinye.

"Hadi."

"Na'am."

"Ba ni abin cire maɓalli."

"Haba, sabo ne fa, kar ka..."

"Ba ni."

Hadi ya miƙa masa. Saifullahi ya ɓalle hular W. Bulu. Ya ɓalle A. Bulu. Ya ɓalle Q.

Ja. Yana ta sheƙin mai.

Ya ɓalle S. Ja.

"Ina jin kuskuren kamfani ne," Hadi ya ce.

"Kamfanin ne ya shafa musu mai?"

"Saifullahi..."

"Kamfanin ne ya san da Q nake gaba?"

"Taimako na yi niyya. Na ce tunda ka ji ciwo, kuma na san ba za ka taɓa yarda ka nemi ja da bakinka ba, bari in sassauta maka inda..."

"Inda me?"

Hadi ya kawar da kai.

"Kowa ya san na ji ciwo," Saifullahi ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A wuyan hannu. Wanda wuyan hannunsa ya goce duk maɓallai ake sassauta masa. Kai biyu ka zaɓa. Wa ya ce maka yatsu biyu ne?"

Ya zaro hannun daga aljihu ya aza a kan tebur.

Ƙaramin yatsan ya karkace waje kamar busasshiyar kuɓewa. Na kusa da shi babu farce, gaɓarsa ta kumbura ta daskare, fatar ta yi baƙi.

Duk wanda ya ga wannan hannun karon farko sai ya yi salati.

Hadi bai yi salati ba. Ido kawai ya rufe.

Wannan ne ya ƙarasa komai.

Saifullahi bai san lokacin da ya tsallake teburin ba. Ya cakumi wuyan rigar Hadi da hannun dama, ya buga fuskarsa da katako. Gwangwanin kusoshi ya kife. Kwalbar da ake tara tsofaffin maɓallai ta faɗo ta tarwatse, maɓallai suka watsu a ƙasa kamar an zubar da wake.

"Ni za ka yi wa haka?"

Ya ɗago shi ya sake bugawa. Leɓen Hadi ya fashe, jini ya ɗiga a kan allon gwajin suwic.

"Tsaya! Don Allah tsaya ka ji!"

"Na tsaya a kan dutse ai! Na tsaya suna daka min hannu kamar daddawa! Ɗaya yana tambayar wanne aka ce! Kai ne 'aka' ɗin, ko?"

"Ban san haka za su yi ba!"

"Me ka zaci za su yi? Lalle za su sa min?"

Ya sa gwiwa ya doki cikinsa. Hadi ya durƙushe yana kakari, ya jawo wayar fanka, fankar ta faɗo ta ci gaba da juyawa a ƙasa tana kartar siminti. Saifullahi ya taka masa ƙirji.

"Me Ɗanbala ya yi maka alkawari? Zai tafi da kai Kano ka riƙe masa jaka?"

"Ba Ɗanbala ba ne!"

"Ƙarya kake, ɗan iska!"

"Wallahi tallahi ba shi ba ne! Ɗanbala bai san komai ba!"

Idon Saifullahi ya faɗa kan ƙarfen dalma, yana nan a kan mariƙinsa, bakinsa na fitar da siririn hayaƙi. Ya fizgo shi. Ya durƙusa a kan Hadi, ya kawo bakin ƙarfen daf da kumatunsa, har warin ƙonannen gashi ya tashi.

"Suna."

"Saifullahi, ka tuna zumunci..."

"Suna nake so. In ba haka ba na rubuta Q a fuskarka, kowa ya san da me kake gaba."

"Zai kashe ni!"

"Ni ne a kanka yanzu."

Ƙarfen ya taɓa fata. Hadi ya ƙwalla ƙara.

"Yaya Jafaru ne! Yayanka ne!"

Ƙarfen ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

Yaya Jafaru. Wanda ya tsinto shi a bakin hanya ya goya shi a bayansa. Wanda ya riƙe masa kai a cinya mai ɗori na jan ƙashi. Wanda ya yi ta yanko masa tuwo yana ba shi a baki, yana cewa ci, ƙanina, jiki sai da abinci.

Saifullahi ya zabga wa Hadi mari.

"Maimaita."

"Shi ya zo nan ya tambaye ni da waɗanne yatsu kake wasa..."

Ya sake zabga masa wani.

"Yaya Jafaru ko gaisuwarka ba ya amsawa! Ka rasa wanda za ka laƙa wa sai ɗan'uwana?"

"Sake shi."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito.

"Sake shi, Saifullahi. Gaskiya ya faɗa."

Jafaru na tsaye, ya cika ƙofar da faɗin kafaɗarsa. Galan ɗin maganin feshi a hannu ɗaya, sabuwar ƙotar fartanya a ɗayan, mai kauri, kanta kamar dunƙulen hannu. A bayansa mutane sun fara taruwa suna leƙe. Ya ajiye galan, ya jawo ƙofar ƙarfe ya rufe, ya zura sakata. Shagon ya yi duhu, sai hasken da ke shigowa ta tagar sama.

Saifullahi ya miƙe a hankali.

"Yaya... me ka ce?"

"Ka ji ni."

"Kai ka tura su?"

"Ni na tura su. Ni na gaya musu hanyar da za ka bi. Ina bayan dutse ina jin ihunka."

Wani abu ya tsinke a kan Saifullahi. Ya yi kukan kura ya afka masa. Jafaru bai ko matsa ba. Mutumin da ya tashi yana kayar da bijimi a yi masa allura, ƙaninsa ba komai ba ne a hannunsa. Ya tare shi da bayan hannu, ya ɗaga shi ya maka da kantar matattun kwamfutoci. Kanta ta karye. Wani gilashi ya tsage, ya yanki goshin Saifullahi, jini ya gangaro masa cikin ido.

A waje ana dukan ƙofa.

"Lafiya? Ku buɗe mana!"

"Maganar gida ce!" Jafaru ya daka tsawa. Ya juyo kan ƙaninsa. "Ranar da Baba ya cika, ina kake?"

Saifullahi na haki, yana share jini da hannun riga.

"Ka san inda nake."

"Faɗi da bakinka."

"Gidan gem."

"Gidan gem." Jafaru ya gyaɗa kai. "Na kira wayarka. Wannan Hadin ne ya ɗauka, tunda dokarku ce in an fara wasa kowa ya miƙa masa wayarsa. Na ce masa Baba na kiran sunanka, numfashinsa na sarƙewa, a ba ka waya ko kalma ɗaya ka yi masa. Ya ce in riƙe. Na riƙe. Na ɗauki wayar na kara ta a kunnen Baba, don muryarka ta zama farkon abin da zai ji. Ka san abin da ya ji?"

Ya kwaikwayi ƙarar da bakinsa.

"Taƙ-taƙ-taƙ-taƙ-taƙ."

Jafaru ya ci gaba.

"Tsoho na kwance yana cewa 'Saifullahi ne? Saifullahi ne?' Abin nan naka na amsa masa. Sannan wannan ya dawo kan waya ya ce ya gaya maka, ka ce bari ka gama wannan zagayen."

"Ban ce ba."

"Bari ka gama zagaye! Ubanka na shure-shure!"

"Wallahi ban ce ba, Yaya! Babu wanda ya gaya min komai! Sai da na tashi daga kan kujera ya miƙo min waya ya ce yanzu-yanzu aka kira. Ko takalmi ban tsaya nema ba na hau babur!"

"Ƙarya."

"Hadi na nan! Hadi, gaya masa!"

Hadi na zaune a ƙasa cikin maɓallai da fasassun kwalba, ya dafe ƙunar kumatunsa. Ya kalli Saifullahi. Ya kalli ƙotar da ke hannun Jafaru. Ya sunkuyar da kai.

"Hadi! Don girman Allah buɗe baki!"

"Ka gani?" Jafaru ya ce. "Ko abokin naka ya kasa yi maka ƙarya. A bakin kabarin Baba na ɗaukar wa kaina alkawari, ba zan sake jin ƙarar nan daga hannunka ba. Na zo na tambayi wannan, bai ko yi min gardama ba. Yatsu biyu kawai na ce a taɓa, don ka iya riƙe fartanya da sauran. Tausayinka na ji, ka gane? Tausayi! Na yi jinyarka da hannuna, na ce shi ke nan, yaro ya dawo gida. Ashe ka hau bayana ne in kawo ka ka sayi wani kibod."

Ya nuna kibod ɗin da kan ƙota.

"Ga magana ɗaya. Ka tashi ka wanke fuskarka ka hau babur, mu koma Zandam. Inna ba za ta ji komai ba, faɗuwa ka sake yi. Ko kuma ka sake taɓa abin nan a gabana, in ƙarasa abin da waɗancan suka fara. Wannan karon ba aike. Da hannuna."

Saifullahi ya dafa bango ya miƙe.

Hanyar ƙofa a buɗe take gare shi. In ya bi ta ya tsira da yatsu uku. Amma in ya bi ta, ya yarda ke nan. Ya yarda shi ne ɗan da aka ce ubansa na mutuwa ya ce bari ya gama wasa. Ya yarda dutsen nan hukunci ne da ya cancanta. Haka zai zauna a gidan har ya tsufa, yana cin tuwo akushi ɗaya da mutumin da ya laɓe a bayan dutse.

Ya taka zuwa tebur. Maɓallai na farfashewa a ƙarƙashin takalminsa.

"Saifullahi," Jafaru ya ce. "Kar ka gwada ni."

"Hadi." Bai waiwaya ba. "Ka tambaye ni wane suwic nake so, ban ba ka amsa ba. In na bar nan da rai ka cire jan nan naka guda biyu. Ba na son tausayinka. Bulu na zaɓa. Duka."

Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya shimfiɗa shi a kan kibod.

"Ɗauke hannunka."

"Ban ce bari in gama ba, Yaya."

"Na ce ɗauke!"

"Da na san Baba na kirana, da ƙafa ma sai na zo."

Ya ɗora karkataccen yatsan nan a kan suwic ɗin A, wanda yake bulu. Ya danna. Maɓallin ya ƙi sauka. Ya cije leɓe, ya tattaro duk nauyin hannunsa ya ɗora a kai, zafi ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa, hawaye ya haɗu da jinin fuskarsa.

Taƙ.

Jafaru ya zabura kamar an caka masa allura.

"Daina."

Taƙ.

"Na ce ka daina!"

Taƙ. Taƙ.

Jafaru ya kama ƙotar da hannu biyu. Ya ɗaga ta sama har ta taɓa rufin kwano. Idanunsa sun kaɗa jajir, ba ƙaninsa yake gani ba kuma.

Saifullahi bai janye ba. Ido ya zuba masa.

"Yaya Jafaru, tsaya!" Hadi ya taso daga ƙasa da rarrafe, muryarsa a tsage. "Ban gaya masa ba! Ranar nan ban gaya masa ba! Saura kaɗan ya cinye Ɗanbala, na ce bari ya ƙarasa! Ni na ce, ba shi ba! Ni ne na..."

Ƙota ta riga ta taho.

Ta sauka da wata ƙara mai ɗaga tsikar jiki. Kibod ya lotsa a tsakiya, maɓallai suka yi tsalle suka bugi bango. Wani ihu ya cika shagon, har masu dukan ƙofa suka tsaya cak.

Saifullahi ya runtse ido yana jiran zafin ya iso.

Bai iso ba.

Ya buɗe ido ya duba.

Hannun Hadi ne a saman nasa. Na dama, wanda yake riƙe ƙarfen dalma da shi. Yatsun sun baje, ƙashi ya leƙo ta fata, jini na bin tsakanin maɓallai.

Ƙotar ta zame daga hannun Jafaru ta faɗi ƙasa.

"Me ka ce?" ya tambaya, da wata murya ƙarama da Saifullahi bai taɓa jin sa da ita ba. "Hadi... wa ka ce ya ce a bari?"